Hannu a Kan Murfin Tanki

Daminar da mahaifina ya rasu na rufe shagon ɗinkina da ke Sabon Gari a Gusau na koma ƙauye, don jirgin fitonsa ba zai zauna a ɗaure ba alhali gulbi ya cika. Mutanenmu da na rugagen da ke bayanmu ba su da hanyar zuwa kasuwar Bungudu sai sun ƙetare ta mashiginmu. Abin da mahaifina ya bar mini shi ne kwale-kwalen katako, da tsohon inji wanda fentinsa ya gama koɗewa, da jan tankin mai na ƙarfe, sai kuma Baba.

Baba ba danginmu ba ne. Abokin mahaifina ne tun suna samari, shi ke riƙe gora a goshin jirgi yana kauce wa duwatsu, mahaifina na baya da inji. Ranar da ciwo ya yi tsanani mahaifina ya kama hannuna ya ce, "Jirgi naka ne. Amma kak ka rabu da wanga bawan Allah." Na ce to. Ban ga abin da zai raba ni da tsohon da ya goya ni a kafaɗa ba.

Tayar da inji kuwa na ɗauka na iya, don na sha gani. Mahaifina zai ɗora hannun dama a kan murfin tanki, ya sunkuyar da kai, ya yi bisimilla, ya ɗan jima leɓensa na motsi. Sannan ya matsa 'yar robar da ke jikin tiyon mai har ta yi tauri, ya ja maɓallin cok na jikin inji, ya fizgi igiya. Ja biyu inji ya kama. Safiyata ta farko haka na yi, ban rage komai ba, har addu'ar na ƙara mata tsawo. Na matsa roba, ta lotse ta ƙi tasowa. Na fizgi igiya, inji ya yi tari ya yi shiru. Na ja har kafaɗata ta fara zafi, ga mata da ƙoren nono sun jeru a bakin ruwa suna kallona, ga wani dattijo da awakinsa yana ta gyaran murya.

Sai da hantsi Baba ya iso, yana dogara sanda saboda gwiwarsa ba ta barinsa fita cikin sanyin safiya. Ya gaisa da jama'a, ya shiga jirgi, ya dafa tanki kamar mai neman abin riƙewa, ya wuce wajen gorarsa. Ya ce, "Sake jarrabawa." Na matsa roba ta cika, na ja igiya, inji ya kama.

Washegari haka, jibi haka. Da fari fulogi na zarga, na canza sabo. Na zargi mai sayar mini da fetur a galan, na ce ƙila da kananzir yake gauraya shi, na koma saye a wani wuri ban ko yi masa sallama ba. Na rage baƙin man da nake haɗawa da fetur, na sake ƙarawa. Daga ƙarshe na kwance injin, na ɗaure shi a bayan babur na kai wa wani bakanike a Gusau. Ya maƙala shi a bakin duro mai ruwa, ya tsoma tiyo cikin nasa galan, ya ja sau ɗaya, inji ya tashi yana ta feshin ruwa. Ya buɗe kafireta ya nuna mini, fes take. Ya ce, "Malam, injinka lafiyarsa lau. Ko dai hannunka ne?" Allah ne kawai ya hana ni gaya masa maganar da ta zo bakina. Tankin a gida na baro shi, don ban taɓa jin an kai tanki wajen bakanike ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba wahalar jan igiya ba ce, maganar mutane ce. Sun daina ma tsayawa kallona. Sai su shimfiɗa zannuwa ƙarƙashin giginya su ce, "Bari Baba shi taho." Wata tsohuwa ta ce a gabana wai inji ya san mai shi. Daga nan na fara lura. A Gusau inji ya tashi da sanyinsa. A bakin gulbi kuwa ba ya tashi sai mutum guda ya zo ya taɓa. Na ce wa raina, kai dai tela ne amma ba wawa ba ne.

Wata yamma, bayan na ɗaure jirgi na kama hanyar gida, na tuna na bar wayata a ƙarƙashin benci. Da na dawo sai na hango Baba shi kaɗai a cikin jirgi, tsugune a kan tanki, yatsunsa na murza wani abu, bakinsa na motsi. Na laɓe bayan giginya har ya gama ya tafi. Nan take na haɗa komai: ya ɗaure injin da asiri ne, don gari ya ga ba a fito sai da shi, in na gaji in koma kan kekena jirgin ya zama nasa.

Na gaya wa Inna, mahaifiyata. Ta ce, "Ka ji tsoron Allah. Mutumin da ya wanke gawar ubanka?" Na ce ai shi ya sa ba wanda zai zarge shi. Har Tsafe na je wajen wani malami na karɓo rubutu da turare, na yayyafa wa inji, na turara shi kamar ɗakin mai jego. Da safe ya yi tarinsa ya yi shiru. Sau biyu Baba ya zo ya yi sallama a zaurenmu bayan la'asar, sau biyu na sa aka ce ba na nan. Na biyun ya bar saƙo, wai akwai maganar tanki da yake son mu yi. Na ce a zuciyata, ya ji an kusa gano shi.

Ranar kasuwa abin ya fashe. Mashigi ya cika, har sarkin ruwa na wurin yana jiran a ƙetarar da shi. Na ja igiya har tafin hannuna ya saɓule. Da Baba ya iso zai sa ƙafa a jirgi na tare shi.

Na ce, "Yau ba za ka taɓa shi ba."

Ya ce, "Mi ya faru?"

Na ce, "Na gan ka da idona. Kullum yamma sai ka dawo ka yi wa tankin nan abin da kake yi. Ka faɗa wa jama'a abin da ka sa masa, ka kuma kwance shi gaban sarkin ruwa." Ban tsaya nan ba. Na faɗi maganar jirgi, na faɗi maganar cin amana, na ambaci mahaifina.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba ni taɓawa. Kai ka taɓa. Aza hannunka inda kake azawa."

Na ɗora.

"Mi ke ƙarƙashin tafinka?"

Wani ɗan noti ne a tsakiyar murfin, bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Sau nawa na ji shi yana tokarin hannuna ban taɓa tambayar amfaninsa ba.

"Murza shi hagu."

Na murza. Tanki ya ja iska da wani ɗan sauti, har na kusa da jirgi suka ji. Robar da ta lotse ta taso da kanta.

Ya ce, "Ƙofar iska ce. In tana rufe, tanki ya kwana cikin sanyi, mai ba ya fita. In an bar ta buɗe, ruwan sama ya shiga. Tun ran da aka sayo wanga inji ni ke rufewa da marece, ubanka shi buɗe da safe yana addu'atai. Na ga ka ɗauki addu'ar ka bar murzawar. Ban so in gyara maka gaban mutane ba, shi ya sa na bi ka gida."

Na ja igiya sau biyu, inji ya kama. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Baba ya miƙa hannu ya zare gorarsa daga jirgi, ya saɓa ta a kafaɗa, ya yi wa sarkin ruwa sallama ya hau tudu. Ranar ba mai riƙe gora na yi fito, sau biyu ina gurzar dutse.

Da yamma na je gidansa na durƙusa. Ya ce ya yafe, ya tambayi lafiyar Inna, ya sa aka kawo mini fura. Na roƙe shi ya dawo. Ya ce gwiwa ta matsa masa. Na koma sau uku, har da sarkin ruwa na tafi, amsar ba ta canza ba. Kunya da baƙin cikin da na ji ba su da wurin ajiyewa, don magana ɗaya mahaifina ya bar mini, ban riƙe ta ko damina guda ba.

Bayan kamar mako biyu aka kwana ana ruwa. Ina sallame sallar asuba na tuna ban rufe ƙofar iskar ba, na bar ta a buɗe tun jiya. Na gangara da sauri ina lissafin yadda zan juye tanki in tace mai. Na ɗora hannu a kan murfi, na ji notin a ɗaure tam. A cikin laka, ƙarƙashin giginya inda ruwa bai wanke ba, ga sawun takalmin roba, ga ramukan sanda a gefensa, sun gangaro sun koma.

Na zauna a bakin jirgi. Sannan na yi bisimilla na murza notin hagu.