Damin Iri da Darar Kawu

A ƙauyenmu, kusa da Kona, in aka ce "gwani" ba a ƙara komai ba, kowa ya san kawuna ake nufi, wan mahaifiyata. Dara yake yi. A gidansa na tashi, kuma can nake komawa duk hutu bayan na shiga kwaleji a Tasawa.

Dararmu a ƙasa ake yin ta. A tona gurabu talatin cikin rairayi, kowane ɗan wasa ya riƙe ƴaƴa goma sha biyu, wannan tsinken kara, wancan tsakuwa. Da farko zubi, kowa na aje ɗa ɗaya bi da bi. In ƴaƴa sun ƙare a hannu sai a fara tafiya. Wanda ya jera uku ya ci, ya ɗauke ɗan abokin wasansa guda.

Kawu ya fara tun yana saurayi, yana bin masu jakuna kasuwa-kasuwa. A Mayahi ya tada wani tsohon maƙeri da ya daɗe ba a tada shi ba, domin a dara wanda aka cinye shi ke tashi ya ba wani wuri. Daga nan sunansa ya bi hanya har Hawandawaki. Ni dai tun da na yi wayo ban ga abin da ya tada shi daga gindin gawon ƙofar gidanmu ba sai salla.

Wasansa ba shi da daɗin kallo ga mai gaggawa. Sauran ƴan dara suna buga ɗa da ƙarfi, suna kirari, suna zolaya. Shi kuwa sai ya aje tsinkensa ya danna da babban yatsa kamar mai shuka. A wurin zubi yake daɗewa, har mutane su fara hamma, sannan ya sa ɗa a can gefe inda kowa ke ganin ba amfani. In aka fara tafiya sai ya yi ta ba da ƴaƴa. A ci masa ɗaya, a ci biyu, abokin wasa ya fara murmushi. Bai san kowane cin da ya yi ya janye masa ɗa daga inda yake tsaro ba. Can sai ka ga wannan tsinken na gefe ya zama doki: ɗa guda da in ya matsa nan ya jera uku, in ya koma can ya sake jera uku. Wanda doki ya hau, sai dai ya zauna yana kallo ana kwashe shi.

Akwai ƙa'ida tsakanin ƴan dara na wajenmu. Baƙon da ya zo daga wani gari ya ƙalubalanci gwani, in aka cinye shi, ya zama baƙon gwanin, shi da duk wanda ya zo da shi, har kwana uku. In shi ya yi nasara, baƙon gari ne, ya kwana a masallaci, kowa ya kai abin da ya samu. Kawu ya ciyar da mutane da yawa ta wannan hanya, kuma da hannunsa yake kai musu ƙwaryar fura. Matarsa, wadda nake kira Inna, takan ce rumbunmu rabi namu ne, rabi na waɗanda ba su iya dara ba.

Sai fari ya zo, a zamanin da sojoji ke mulki. Damina ta yanke hatsi bai kai ga ido ba. Gidaje da yawa aka ja musu ƙaya a ƙofa, masu su sun yi kudu. Kamiyon soja, babbar motarsu ta kaya, yakan kawo jar dawa ta taimako Mayahi, abin da ke isowa gare mu kuwa ba ya kai mu ko'ina. A rumbunmu ba abin da ya rage sai dami ɗaya na iri, zangarnun da Kawu ya zaɓa da kansa. Inna ta ɗaure shi sama, ta ce ko kallonsa kada wanda ya yi sai ruwa ya sauka.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi, wani mutum ya sauko daga arewa. Dogo ne, rawani ya rufe masa baki, makiyayi da dabbobinsa suka ƙare a hanya. Matarsa da ƴaƴansa ya bar su bayan gari a gindin wata aduwa. Bai roƙi kowa komai ba. Ya yi sallama, ya tsuguna gaban Kawu, ya kwance bakin mayafinsa, ya zube busasshen kashin raƙumi goma sha biyu, sun yi sulɓi don wasa.

Wani maƙwabcinmu mai baki ya ce, "Baƙo, ina raƙumin da ya yi wannan aiki?"

Mutumin ya ce, "Ya riga ni hutawa. Gadon da ya bar mini ke nan."

Aka yi dariya, amma gajeriya. Kowa ya gane abin da ya kawo shi. Kowa kuma ya san abin da ke cikin rumbunmu.

Inna ta ji daga bayan darni. Ba ta taɓa sa baki a dara ba, amma ranar ta ɗaga murya. "Malam, ka tuna dami ɗaya ne."

Kawu ya ce, "Na ji." Ya share rairayi da tafin hannu, ya fara tona gurabu.

Baƙon ya iya wasa, iyawa ta gaske, kuma bai zo don a cinye shi da arha ba. Zubinsa mai sauri ne, ya kama tsakiya duka. Da aka fara tafiya ya ci ɗaya, ya ci biyu, ya ci na uku. Maƙwabcin ya sunkuyo ya raɗa mini, da sunan da yake kirana don ina makarantar boko, "Ɗan lakwal, kawunka ya yi hankali yau. Sakar mishi yake." Na so in yarda. Cikina ma ya so. Amma na san wasan Kawu, kuma na ga tsinke guda can a kusurwa wanda tun zubi bai taɓa shi ba.

Kawu ya daɗe a kan tafiyar da ta biyo. Ya kalli darni, ya kalli gurabu. Tafiya biyu ke gabansa, duk wanda ya san dara a wurin ya gan su. Ɗaya za ta ba baƙon wasan, ba kuma mai cewa da gangan ne. Baƙon ma ya gani. Ya janye rawani daga bakinsa ya ce, "Gwani, in ka raina ni, faɗa mini da baki. Kada ka faɗa da tsinke."

Kawu ya ce, "Wa ya raina ka? Ka sa ni gumi, rabona da haka tun maƙerin Mayahi."

Ya ɗauki tsinken kusurwa ya danna da babban yatsa. Doki ya hau. Babu wanda ya yi shewa. Baƙon ya zauna har aka kwashe ɗansa na ƙarshe da za a iya ci, sannan ya gyaɗa kai, ya ce, "Ashe ba ƙarya aka yi mini ba."

Kawu da kansa ya hau rumbu ya sauko da damin. Ya raba shi biyu, ya mayar da rabi. Inna ta karɓi ɗaya rabin. Ta sussuka, ta surfa, ta daka, ina jin tabaryar tana faɗuwa da ƙarfin da ya wuce na daka. Amma da matar baƙon ta shigo da yara, ita ta shimfiɗa musu tabarmarta, ta fara ba ƙaramin fura. Suka yi kwanakinsu suka wuce kudu.

Washegarin tafiyarsu Kawu ya fita gindin gawo ya shafe gurabun da ƙafa. Masu zuwa suka yi ta zuwa, domin labari ya bazu, yana ce musu ya aje dara. Na tambaye shi dalili, da ƙyar, don ban saba yi masa tambaya ba. Ya ce, "In na zauna zan ci, kuma ba ni da abin ci da mutum. Faɗuwar ƙarya kuwa ban iya ba."

Da ruwa ya sauka muka shuka rabin gona. Ɗaya rabin ya zauna fari fat, rairayi mai laushi, irin wanda ƴan dara ke so. In muka zauna hutun noma nakan ga yatsansa yana tona ƙananan gurabu a gefensa, shi bai ma sani ba, sai Inna ta iso da fura ya yi sauri ya shafe.