Ƙafar Gaba da Bunsurun Mai Unguwa

Tun da gwiwoyina suka yi ritaya ba tare da sun shawarce ni ba, aiki ɗaya ya rage mini a gidana, shi ne gadin shanya. Kada mai karatu ya raina. Na yi noma, na yi tallan goro, har masinja na taɓa zama a Karaye da ɗan guntun bokona, amma ban taɓa riƙe muƙamin da ake bincikar mutum kullum da yamma ba sai wannan. Idan kaka ta yi aka tsige gyaɗa, tsohuwata, wato uwargidana, takan baza ta a filin ƙofar gida, ta dasa ni a gindin darbejiya da sanda da tulin tsakuwa, ta ce, "Malam, ga amana." Cikin amanar kuwa har da gyaɗar iri, wadda take ji da ita fiye da wasu daga cikin 'ya'yanta.

Abokin gabata guda ne a duk Yolar Karaye: bunsurun mai unguwa. Kowace shekara mai unguwa kan sa a yi shela cewa kowa ya ɗaure dabbarsa har a gama kwashe amfanin gona, kowa kuma yakan ɗaure. Bunsurunsa ne kawai shelar ba ta isa kunnensa. Baƙi ne, ga gemu, ga warin da ke riga shi yin sallama. In na jefe shi ya goce, in na yunƙura zan tashi, kafin gwiwa ta amince ya ci ya ƙoshi har ya yi gyatsa. Ƙara kuma wurin wa za ka kai? Wurin ubangidansa.

Ranar da ya yi wa gyaɗar iri ɓarna ta sosai, tsohuwata ba ta ɗaga murya ba, wannan ne ma ya tsorata ni.

"Malam, in ya ƙara, zan kwashe shanyar nan in kai rufin soron ƙanena. Kai kuma ka shiga ɗaki ka huta da rediyonka."

Na san irin wannan hutun. Na ga sa'o'ina da aka hutar. Daga ranar da aka shigar da tsoho ɗaki, gaisuwarsa ta koma "ya jiki" ta bayan labule, ko lafiyarsa ƙalau.

To, akwai wata mota a zaurena. Ɗana da ke Kano ya sayo wa 'ya'yansa ita a gwanjo, gidan hayarsu kuma babu filin da za ta juya, sai suka bar ta nan da suka zo Sallah. Ba irin 'yan motocin nan na tafin hannu ba ne. Girmanta ya kai ɗan tunkiya, tayoyinta kamar faifai, batirinta a solar maƙwabci ake yi masa caji, da rimot ake tuƙa ta. Na koyi tuƙin a ɓoye a bayan gida, don kada a ce dattijo na wasa. Da na gwanance sai na fito da ita bakin aiki, na sanar da duk mai wucewa cewa wannan kayan tsaro ne.

Kwanakin farko na ji daɗin mulki. Ina zaune, yatsa kawai nake motsawa, awaki na watsewa. Bunsurun ma ya gudu har yana tuntuɓe. Amma wanda ya tashi a gidan sarauta ba ya daɗewa yana tsoro. Wata hantsi na tura masa ita, sai ya tsaya, ya ja da baya, ya sunkuyar da kai. Ji kake ƙwas! Tayar hagu ta kwanta waje kamar ƙafar agwagwa.

Na duba ɓarnar da tabarau. Kowace tayar gaba hannuwa biyu na roba ke riƙe da ita, na sama da na ƙasa, da ɗan shokazoba mai sifirin a tsakani, wanda ke shanye gargada. Hannun ƙasa na hagu ne ya karye gida biyu.

Na aika wa taubashina a Zoza. Shekara da shekaru ya ja bas daga Rogo zuwa Kano, kuma tun muna yara kowannenmu ke kiran ɗan'uwansa bawa, har yau ba a raba gardamar ba. Ya sauka daga babur, ya juya motar ya dubi cikinta, ya yi tsaki.

"Bawana, wanda ya ƙera wannan bai taɓa bin hanyar Rogo da damina ba. Roba a ƙafar gaba? Ai ƙarfe ake sawa. Ni bas ɗina sai da na ƙara mata sifirin har ta daina sanin akwai rami."

"Fasinjojinka dai sun sani. Akwai waɗanda har yanzu a karkace suke sallah."

"Sun isa Kano ko ba su isa ba?"

Ranar kasuwar Karaye muka rungume ta a babur muka kai wa mai walda. Kafin ya kunna injinsa mutane sun kewaye mu, nan take kwamiti ya kafu ba tare da an rantsar da kowa ba. Mai sayar da igiya ya ce a sa rodi. Wani tsohon ɗan sanda ya ce a yi mata ƙaho. Taubashina ya naɗa kansa shugaba, ya yanke hukunci: hannuwan ƙasa a yi su da rodi, a cire shokazoba tun da su ne ke sa ta laushi, a maye gurbinsu da sandar ƙarfe, gaba kuma a liƙa bamba ta ƙarfen gado. Mai walda duk abin da aka faɗa sai ya ce, "An gama, Baba." Ni dai na tsince 'yan shokazoban daga ƙasa na zuba a aljihu, don ban iya barin abu a ƙasa ba.

Washegari aka yi bikin ƙaddamarwa. Taubashina ya kwana don a yi a gabansa. Bunsuru ya iso a kan lokaci, ya fi ma'aikata da yawa kiyaye wannan. Na danna rimot.

Mota ta taso tana tsalle. Kowace tsakuwa ta taka sai gabanta ya ɗaga sama ya dawo da ƙara. Na karya kanta hagu, ta ƙi. Ta nufi bakin tsohuwar kunyar noma da ke gefen filin, ta dake ta, ta wuntsila ta faɗa tsakiyar shanya a rigingine. Ni kuma don ruɗewa ban saki yatsa ba, tayoyin baya suka yi ta watsa gyaɗa gabas da yamma. Bunsuru bai ko wahalar da ƙahonsa ba. Bin gyaɗar ya yi yana tsinta, har wadda ta faɗo kusa da takalmina.

Sai ga tsohuwata ta fito da buhuna a hannu. Ta dubi motar, ta dube mu.

"Sannunku da aiki. Da can mai gadi ɗaya gare ni da gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, yanzu kun ƙera mini na biyu."

"Uwargida, ai gwaji ne," in ji taubashina.

"Kai kuma direba, in ka gama gwajin, babur ɗin Zoza na bakin hanya." Ta ajiye buhunan a gabana. "Gobe da yamma zan kwashe."

Maganarta ta yi mini zafi, amma na zauna na auna ta. Lokacin da nake iya kama akuya da gudu, ai ba don ƙafata ta fi ta yanzu tauri ba ne. Yanzu ma ta fi tauri, kamar taɓarya take. Na laluba aljihu na fito da shokazoban.

Yinin nan a zaure muka ƙare shi. Muka kwance sandunan ƙarfen, muka yar da bambar gado. Hannuwan rodin na bar su, tun da na robar sun riga mu gidan gaskiya, amma kowace mahaɗa na sa mata 'yar roba da na yanko daga tsohon tub na babur, don ta sami wurin numfashi. Shokazoban sun tsiyaye, na ɗura musu man inji mai kauri, na cusa guntun tiyo a saman kowane sifirin don ya ƙara ƙarfi kaɗan. Bamba kuwa, tsohon takalmina na taya na lanƙwasa a gaba. Taubashina yana ta mita wai an mayar da mota katifa, amma da aka zo ɗauri sai ya ture hannuna.

"Kawo nan, bawa. Ƙofar bas ɗina da roba na riƙe ta har na yi ritaya."

Gaskiya ne, a ɗaurin roba babu na biyunsa. Da ya gama na danna gaban motar da tafin hannu. Ta durƙusa, ta miƙe a hankali, kamar mai gaida surukai.

Washegari da hantsi bunsuru ya zo karɓar harajinsa. Tsohuwata na tsaye a bakin zaure, buhunanta a kafaɗa. Na tura motar, ta bi tsakuwa sumul, ta haye kunyar nan ta sauka a kan ƙafafunta. Ya ja da baya, ya sunkuya, ya taho. Gaban motar ya nutse, takalmina ya lotsa, sannan duka suka dawo masa a hanci. Ya tsaya yana girgiza kai. Tun da aka haife shi, ina jin ba a taɓa mayar masa da martani ba. Ya sake gwadawa, aka sake ba shi amsa. Na matsa masa, ya juya, na bi shi har bakin lungu, inda ya shige gida ya tarar da shanyar waken ubangidansa. Da la'asar muka ji sabuwar shela, an ce a ɗaure dabbobi, wannan karon har da igiya aka gani a gidan mai unguwa.

Tsohuwata ba ta ce na kyauta ba, ba halinta ba ne. Ta dai mayar da buhunan ɗaki. Da gari ya waye ta baza gyaɗa, ta ƙara da barkono da kuɓewa a gefe, ta ce, "Malam, ga amana." A aikin gwamnati wannan shi ake kira ƙarin girma. Taubashina kuwa yana can Zoza yana gaya wa mutane shi ya gyara.