Bindigar Haske a kan Ledar Tebur

Da aka ce mini Kawu na rubuta maƙala a kan makaman finafinan kimiyya, na yi shakka. Inda na yi karatu an koya mana cewa kowace magana sai da majiya. To ina za a samo majiyar bindigar da ba a taɓa ƙerawa ba?

Kawu mai gyaran fanka ne. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin bene, fukafukai rataye a bango, ko'ina warin ƙonanniyar waya. Tun yana saurayi finafinan sararin samaniya suka shiga ransa. In aiki ya lafa, sai ya harhaɗa bindigogin wasa da matattun koyil na fanka da bututun roba. Yana da ra'ayi guda da ko giwa ba ta ture shi daga kai: duk bindigar hasken da ba ta da fanka a gindi ƙarya ce, domin zafi zai gasa hannun mai harbi.

Sai da furfura ta fito masa ya shiga karatun ƙarshen mako. Maƙalar nan ce kaɗai ta rage masa, in ta faɗi sai ya maimaita shekara, ga shi an riga an dawo masa da ita. Duk inda ya rubuta "an ce", malamarsu ta zagaye da jan biro.

"Baba, ban san wani masani mai suna Ance ba," ta ce masa. "Kawo mini wanda zan iya nemowa."

Ya duƙufa lalube a waya, har ya faɗa kan wani shafi mai Turanci santala-santala, wanda ya faɗi maganarsa sak: fanka a gindi. Har da hoto. Ya iso gida baki har kunne, ya miƙa wa matarsa wayar.

"Maman yara, zo ki sha kallo. Masana sun biyo bayana!"

Ta goge hannu a zani, ta ƙura wa hoton ido.

"Masanan nan, a gidanmu suke cin abinci?"

"Kamar yaya?"

"Ledar teburina ce wannan. Ga ƙunar da ka yi mata garin liƙa waya, ka ɗora wa dutsen guga laifi."

Kawu ya karɓi wayar ya duba. Bindigarsa ce. Shekarun baya ya taɓa saka hotonta da bayani a wani zauren hira na intanet, wani ya kwashe, ya juya zuwa Turanci, ya cire sunansa. Zancensa ne ya yi yawon duniya ya dawo masa sanye da kwat.

"Sai ka rubuta: in ji ni, kamar yadda na ji daga bakina," ta ce, tana dariya har da riƙe ciki.

Ya san malama ba ta taɓa ganin ledar ba, ko ya kafa hujja da shafin ba za ta gane ba. Amma washegari ya rufe shago ya nufi ɗakin karatun makaranta. Aka ba shi littafin kimiyyar zafi, da wata mujalla mai hira da masu zana makaman fim. Masu zanen suka ce su siffa ce damuwarsu, a hango makami a gane na mugu ne ko na jarumi. Littafin ya ba shi gaskiya rabi: zafin matsala ne ƙwarai. Sai dai fanka iska take turawa, a can sararin samaniya kuwa, wajen duniya, babu iska.

"Duk shekarun nan ina hura ba-komai," ya ce wa matarsa.

Haka ya rubuta, da sunan littafi da lambar shafi. Maƙala ta wuce, babu zagayen jan biro.

Da na je shagon taya shi murna, na tarar bindigar na nan da fankarta, wai wannan ta yaƙin ƙasa ce. Na tambaye shi yadda yake gane majiya mai tushe yanzu.

"In na ga ta yarda da ni ɗari bisa ɗari," ya ce, "sai in kai wa Maman yara ta duba ledar tebur."