Inda Malam Abdulbaƙi Yake Kwance

Malam Ɗalha mai wankin hula ya haura shekara sittin bai taɓa mallakar abin da sai an sa hannu a takarda ba. A Yakasai aka haife shi, a gidan kakansa Malam Abdulbaƙi. A nan ya yi aure, a nan matarsa ta rasu, a soron gidan kuma yake wanke huluna, ya sa musu sitaci, ya kifa su a rana. Manyan mutane da dama sun je ɗaurin aure da aikinsa a kansu, ba su san sunansa ba, shi ma bai ga dalilin da zai sa su sani ba.

Gidan na ƙasa ne, ɗakuna a jere, sai wani fili a can ƙurya bayan madafa. A filin nan aka binne Malam Abdulbaƙi, kamar yadda akan yi wa wasu malamai a da. Ba a yi gini a kan kabarin ba, ba a kafa alama ba, saboda wasiyyar da ya bari ke nan. Wata bishiyar dabino ce kawai take kusa, ita ma ta faɗi wata damina, aka yi girki da ita. Ruwan sama ya baje tudun. Ɗalha ne kaɗai ya ci gaba da shiga filin ran Juma'a, ya share, ya tsaya ya yi addu'a.

Magada suka yi yawa, gidan ya fara zubewa. Kotu ta duba ta ce ba zai rabu ba, a sayar a ba kowa rabonsa. Ɗalha bai yi musu ba. Da aka gaya masa kasonsa zai iya saya masa ɗan gida mai ɗaki ɗaya a bayan gari, ya ce alhamdu lillahi, ya koma kan hulunansa. Ƙanensa Abdulmalik, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati, shi aka wakilta. Dillali ya kawo mai saye, Alhaji Mikail, mai son ya yi shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama.

Ana gobe lauyar Alhaji za ta zo, Abdulmalik ya tsuguna kusa da bahon wanki.

"Yaya, in ta yi tambaya, ni zan amsa. Maganar filin ƙurya kuma a bar ta. Shekara nawa yanzu? Ko ƙashi bai rage ba."

"Ka duba ne?"

"Haba Yaya, don Allah."

Ɗalha ya matse hular da ke hannunsa, ya kifa ta a rana.

Lauyar, Barista Sa'ida, ta cire takalmi ta zauna a tabarmar soro, Alhaji yana gefe. Tambayoyinta irin waɗanda ake yi ne a kowane cinikin gida. Wa ya fara mallakar wurin? Akwai takarda, ko sai shaidar mai unguwa? Ina hukuncin rabon gado? An taɓa jinginar da gidan? Duk magada sun yarda, har matan da ke aure a wasu garuruwa? Katangar gabas ta waye, taku ko ta maƙwabci? Abdulmalik ya amsa duka, tsaf, kamar mai karanta rahoto.

Tana shirin rufe biro ta ce, "Ta ƙarshe. Akwai wani abu a cikin gidan da ya kamata mai saye ya sani kafin ya biya?"

"Babu," in ji Abdulmalik.

"Akwai kakanmu," in ji Ɗalha daga bakin ƙofa.

Alhaji Mikail ya juyo. "A gidan yake?"

"A gidan yake, Alhaji. Can ƙurya, bayan madafa. Tun ina yaro aka sa shi a wurin."

Alhaji ya yi salati. "Wallahi nan injiniya ya zana mini ramin masai. Barista, ni ba zan haƙa komai a kan bawan Allah ba. Ba kuma zan biya kuɗin wurin da ba zan taɓa ba."

Barista ta ce abin ba sabo ba ne a cikin birni. Kabari ba ya shiga ciniki. Malamai sun ce wurin na wanda ke kwance a ciki ne. Sai a cire shi daga awo, a rubuta a takardar saye cewa ba ya ciki, a bar masa 'yar hanya. Amma duk abin da aka cire, farashi zai sauka daidai da shi.

Abdulmalik ya ce, "Akwai marayu a cikin magadan nan, akwai zawarawa. Da wane baki zan ce musu an rage?" Gaskiya ya faɗa, kuma kowa a soron ya san gaskiya ce.

"A cire daga kasona," in ji Ɗalha.

Barista ta ce, "Baba, ka gane dai? Duk taku ɗaya da aka ware, daga rabonka zai fita."

"Na gane, 'yata. Kabari ne, ba gona ba. Nawa zai ci?"

Ranar awo mai safiyo ya zo da igiyarsa da turaku, aka shiga filin. Ya ce, "Bismilla Baba, nuna mana."

Ɗalha ya yi gaba, ya tsaya. Yana ƙarami aka yi jana'izar, ta tsakanin ƙafafun manya ya leƙa. Dabinon babu shi, ko kututture. Katangar madafa kuma an rushe ta an sake, ba a kan tsohon layi ba. Aka aika wa wata tsohuwar maƙwabciya, ta ce jikin katangar arewa ne. Mai unguwa ya ce shi dai a tsakiya ya ji ana faɗa. Wurin da Ɗalha yake tsayawa addu'a daban ne da duka biyun, kuma da ya bincika zuciyarsa bai samu wanda ya taɓa nuna masa shi ba. An cika wa Malam wasiyyarsa fiye da yadda ya nema.

Abdulmalik ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Yaya, nuna inda ka saba. Tsawon mutum ɗaya ne fa. Allah Ya ga niyyarka."

"Niyyata ba ita za a haƙa ba."

"In ka ce duk filin, babu gida ke nan. Sai haya, da tsufanka."

Ɗalha ya taka zuwa jikin madafa, ya sa ƙafa. "Daga nan."

"Zuwa ina, Baba?"

"Zuwa katanga. Ta kowane gefe."

Mai safiyo ya dubi Barista, Barista ta dubi Ɗalha, sannan ta rubuta. Abin da ya rage masa bayan an gama bai wuce hayar ɗaki a Ɗorayi ba, can yake yanzu.

A ranar awon dai, da mai safiyo ya warware igiyar, ya nemi wanda zai riƙe masa ɗaya bakin. Abdulmalik ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya karɓa, ya kai ta har jikin katanga.