Turmin Inna Kulu a Bakin Bututu

Cikin dukan shekarun da na yi ina aiki a ma'aikatar magajin garin Filinge, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da unguwa guda ta wuni tana kokawa da turmin wata tsohuwa. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu, don ku san irin mutanen da za ku yi wa hidima. Allah ya sa mu gama lafiya.

Bari in fara da bayani saboda wanda bai san aikin ba. Unguwarmu tana gindin tudu. A da, idan aka yi ruwan sama, sai ruwan ya gangaro gaba ɗaya ya faɗa gidaje. Saboda haka aka haƙa wani ƙaton rami a saman unguwa, aka tare gabansa da bangon ƙasa da duwatsu. Mu a biro, wato ofis, muna ce masa basan, mutanen unguwa kuwa tabki suke ce masa. A can ƙasan bangon akwai bututun siminti. Idan ruwa ya zo da gudu, ramin ya riƙe shi, bututun ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin magudana har ya kai fadama. Kafin wani ruwan ya zo, ramin ya koma wayam yana jira. Ni ne mai kula da shi. A samana akwai shef na sashen tsabta, a samansa akwai magajin gari. A ƙasana babu kowa sai manjagara da baro. Ina kwashe yashi, ina yanke ciyawa, ina janye ledoji daga bakin bututu. A taƙaice, an ɗauke ni aiki ne don in tabbatar tabki bai zauna da ruwa ba. A nan ƙasarmu ta Kurfai, inda ruwa ke wuya, wannan aiki ne mai wuyar bayyanawa. Ko mai ɗakina, in aka tambaye ta abin da nake yi, takan ce kawai ina meri, wato ma'aikatar magajin gari, ta jawo wata magana.

A shekarar da abin ya faru, damina ta yi tsaiko cikin watan Yuli. An yi shuka, gero ya fito, sai sama ta ɗauke, ganye ya fara naɗewa. Liman Abdu, limamin unguwarmu, ya kira roƙon ruwa. Muka fita filin idi, aka yi salla, muka juya rigunanmu. Ina sahun gaba, kuma ba zan ɓoye ba, na zubar da hawaye, don ni ma ina da gona. Allah, da yake Mai ji ne, ya karɓa. Aka yi ruwa mai yawan gaske. Ruwan ya kwaso duk ledojin unguwa ya cusa su a bakin bututu, gari ya waye tabki cike fal.

Da hantsi na saɓa manjagara na tafi. Na tarar da unguwa kaf a bakin ruwa. Mata suna wanki, masu bulo suna kwaɓa ƙasa, Buba makiyayi ya kawo shanunsa suna sha. Kowa yana yi wa ɗan'uwansa barka. Ni ma na yi barka, na naɗe wando, na shiga ruwa har ƙugu, na fara janye ledoji. Can sai bututu ya yi wani irin gurnani, ruwa ya fara fita. Kowa ya juyo yana kallona.

Wadda ta fara magana ita ce Inna Kulu. Tsohuwa ce da ta san mahaifiyata Rabi tun suna 'yan mata. Gidanta na laka shi ne na farko a ƙasan bangon, ɗaki biyu da rumbu. In tabki ya tumbatsa, ɗakinta ruwa zai fara shiga. In an bi gaskiya, don ita aka yi tabkin.

Ta ce, “Kai ɗan Rabi, mi kake yi nan?”

Na ce, “Inna, aikina nake yi. Tilas ruwan ga ya hita.”

“Ya hita ya tahi ina? Ba kai na gani ba a hilin idi, riga a juye, kana kuka kamar an ƙwace maka ɗan akuya? Ka roƙa, an ba ka, ka zo da manjagara kana zubarwa. In ka ba mutum tuwo ya kife shi gabanka, gobe kana ƙara mishi?”

Jama'a suka ce wallahi gaskiyar Inna. Na yi musu bayani a natse. Na ce in wani ruwan ya zo ya tarar da tabki a cike, ba shi da wurin zama, zai haura bango, kuma gidan Inna ne a gaba.

Ta ce, “Gidana ya ga ruwa tun ba a yi wa ubanka kaciya ba. Bar mini gidana.”

Na fito na tafi sallar azahar. Kafin in dawo an gama aiki. Inna ta ba da turminta, maza suka nutsa suka cusa gindinsa cikin bututu, suka bi shi da taɓarya. Ya zauna daram, kamar mai sassaƙa ya zo ya auna bakin bututun kafin ya sassaƙa. Ita kuwa ta kawo kujerarta ta zauna a kan bango tana gadi.

Ƙa'idar aikinmu ita ce, duk abin da ya fi ƙarfin manjagara, a sanar da shef. Na kira shi a waya.

Ya ce, “Turmi? Na gwamnati ne?”

Na ce, “A'a, ranka ya daɗe, na Inna Kulu ne.”

“To, kayan mutum ne a cikin aikin gwamnati. Ba ka da ikon fasa shi sai mai shi ta yarda. In ka fasa, kai ka fasa. In bango ya karye kuma, kai ne mai kula.”

“To yaya zan yi, ranka ya daɗe?”

“Ka yi musu sansibilizasiyo.” Wato in wayar musu da kai. Ya kashe waya.

Na je wurin Liman Abdu. Mutumin kirki ne, kuma ya fahimci maganata sarai, amma ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, “Malam Isuhu, ni na ja sallar nan. Da wane baki zan tashi gaban jama'a in ce a zubar? Bari in yi tunani.”

Yana tunani, kwanaki suna wucewa. Ruwa ya yi kore, kwaɗi suka hana unguwa jin kiran salla, sauro ya yi ƙiba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne danshin da ya ɓullo a gindin bango ta bayan tabki, yana rarrafe zuwa katangar Inna. Na kai ta na nuna mata. Ta ɗora tafin hannu a kai ta ce, “Sanyi ne. Tun da aka yi ɗakin ga ban yi barci mai daɗi kamar na kwanan nan ba.”

Ranar da nake ba ku labari, tun da safe gabas ta haɗe, iska ta tsaya cak. Na je na durƙusa gaban kujerar Inna ina roƙonta, ina ambaton ɗakinta da rumbunta da awakinta. Ko kallona ba ta yi ba. Buba yana gefe yana shayar da shanu, sai ya ce, ba da wata manufa ba, “Inna, turmin nan iccen mi ne?”

Ta ce, “Ƙirya. Na uwata ne, da shi aka kawo ta daga Bonkuku.”

Ya ce, “Allah sarki. Ni dai akushina da na manta a bakin tabki bara, ya sha ruwa ya kumbura, da ya bushe sai ya tsage biyu.”

Inna ta miƙe, ba ta ko dafa sanda ba. “Ya tsage? Kuna tsaye ƙattai kuna kallo turmin uwata yana lalacewa? Ɗan Rabi, mi aka aje ka yi nan? Hid da shi yanzun ga! Amma in ya yi ko ƙwarzane, ni da kai.”

Haka na sami yardar mai kaya. Sai dai turmi ya riga ya kumbura ya kama bututu. Na nutsa na ɗaura igiya a leɓensa, maza suka ja da kabbara, igiya ta zame, suka zube kan juna cikin laka. Na sake ɗaurawa, Buba ya kawo bijiminsa. Bijimin ya ja sau ɗaya, ya ga abin ba na wasa ba ne, ya juyo ya kwanta cikin ruwa yana tuƙa. Buba ya yi masa magana da Fulatanci har muryarsa ta dushe, bai motsa ba. Gabas kuwa sai ƙara baƙi take yi.

Inna ta yi tsaki ta ce, “Maza ba su san turmi ba. Wa ya taɓa jan turmi? Dukansa ake yi.” Ta sa aka zagaya bayan bango, inda bututun yake fitowa. Akwai wata doguwar azarar giginya da aka ajiye don rufin masallaci, Liman ya ba da aronta. Inna ta naɗe kan azarar da tsummoki da hannunta don kada ta ji wa gindin turmi ciwo, aka zura ta cikin bututu. Mata suka jeru dama da hagu suka kama. Ni aka ce in tsuguna a bakin bututu in riƙa daidaita azarar, tunda ni ne gwamnati. Inna tana tafi, mata suna kai duka tare, kamar ranar luguden biki. Har wasu suka fara rausaya.

Matan sun san sautin turmi in ya kusa motsawa. Ni ban sani ba. Na dai ga sun saki azara a lokaci guda sun watse. Kafin in tambayi dalili, tabki ya zo mini a fuska. Ruwa ya ɗauke ni cikin magudana, ina salati ina shan kwaɗi, bai ajiye ni ba sai ƙofar gidan Inna Kulu, ba hula, ba takalmi ɗaya. Inna ta zo, na ɗauka sannu za ta yi mini. Ta tsallake ƙafata ta ce, “Ina turmina?” Yana can yana yawo a kan tabki, bijimin Buba yana shinshinarsa.

Magana ba ta ƙare ba, don masu bulo sun ce tunda turmi ya fita, a kawo buhun yashi a toshe. A nan ne tunanin Liman Abdu ya nuna. Ya hau kan bango, ya dubi ruwan yana gangarawa, ya ce, “Jama'a, Allah ya ba mu, mun sha, mun yi wanki, dabbobi sun ƙoshi. Ragowar ga ta nan ta nufi gonakin fadama, gonakin 'yan'uwanmu. Ni na yi niyyar sadaka da rabona. Wa zai riƙe nasa?” Masu bulo suka bar zancen buhu. Ya ce, “To, a yi fatiha.” Muka ɗaga hannu, ni ruwa yana ɗiga daga gemuna.

Allah ya riƙe hadarin har bayan la'asar, tabki ya sami sararin sauka. Da ruwan ya kece, na tsaya a kan bango ina karanta duk abin da na haddace tun ina makarantar allo. Tabki ya yi ta hawa har yana lasar duwatsun sama, saura kamar tafin hannu ya haura. A nan sama ta ɗauke. Bututu ya ci gaba da aikinsa, gidan Inna Kulu yana tsaye. Ita ba ta ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, tana ɗaki tana shafa wa turmi man shanu.

Washegari na je gaishe ta, na ce, “Inna, kin ga da turmin yana ciki...”

Ta ce, “Allah ya tsare gidana, ba bututunka ba.”

Na ce, “Haka ne, Inna.”

“Kuma furar da na daka yau warin kwaɗi take. Ka gaya wa gwamnati.”

Na gaya wa shef. Ya ce abin da ya fahimta shi ne sansibilizasiyo ta yi nasara, ya yaba mini gaban ma'aikata.

Tun daga shekarar nan, duk ruwan farko na damina, ba na sa manjagara a bakin bututu sai Liman ya zo an yi fatihar sadaka. A biro ba a san da wannan ƙa'ida ba, amma ita ce take tafiyar da basan ɗin har yau. Abin da na koya shi ne, mutanenmu sun sha wuyar rashin ruwa fiye da yadda za su tsaya suna kallo a zubar da shi, ko da ɗakinsu ne zai faɗi. Amma in aka ce su bayar, za su bayar har da addu'a. Ku riƙe wannan. Kuma in Allah ya nufa aka zo gina wani basan a zamaninku, ku roƙi injiniya, kafin ya zaɓi bututu, ya shiga unguwa ya auna turame.