Mai Yi wa Kujera Taimama

Ranar Litinin ɗin da matata Barira ta tafi garin Zakka sunan ɗiyar ƙanwarta, na yi abin da ta shekara shida tana hana ni. Na yaye mayafin da take rufe kujerunta, na harɗe a kan doguwar, na ɗora kwanon sakwara da miyar agushi a cinya, na kunna ƙwallo. Wani ɗan wasa ya rage daga shi sai mai tsaron gida, ya ɗaga ƙwallo sama kamar mai jifan tsuntsu. Na zabura zan gyara masa ƙafa daga nan Batsari. Kwano ya kife.

Kujerun nan ruwan madara ne. Mahaifin Barira ya sayar da sa ya yi mata su a shekarar da zai rasu, ya ce kada ɗiyarsa ta tsufa a kan kujerun aurenta. Ko baƙo aka yi, sai ta auna shi da ido kafin ta yaye mayafin. Ni mijinta ban taɓa cin wannan jarrabawar ba.

Da yake malamin kimiyya ne ni a sakandare, ban tsaya shawara da kowa ba. Bokiti uku, omo rabin leda, da soson wanke-wanke. Na dirje, na kwara, na sake kwarawa. Watan Agusta ne, rana kuwa ta yi yaji. Talata da safe manja yana nan, ya ma ƙara faɗi, ga wani zobe ruwan ƙasa ya kewaye shi kamar taswira. Laraba falo ya ɗauki warin jiƙaƙƙen bunsuru. Barira kuma Juma'a za ta dawo.

Mutum ɗaya ne tsakanin Batsari da Safana zai iya fid da ni, kuma shi ne wanda na fi rainawa a duk tsarata.

Abdulmumini ɗan ƙauyen Karare ne, ajinmu ɗaya a firamare. Shi ne yaron da za a gama rubuta jarrabawa yana nan yana feƙe fensir, yana duba bakinsa a haske. Iyayensa noma da kiwo suke yi. Da shanunsu suka tafi, a shekarun da shanun mutane da yawa suka tafi, sai ya shiga Kano. Ya yi wankin mota, daga nan ya samu shara a wani otal, inda wani tsohon ma'aikaci ya koya masa wankin kafet da kujeru. Shekara bakwai ke nan da ya dawo, da babur, da jaka a ɗaure a baya, da wata da'awa da ba a taɓa ji ba a garin nan: wai shi zai wanke maka falo kaf da ruwan da bai cika kwalba ɗaya ba.

Mu kuwa abin da muka gada, wanki abu uku ne: ruwa, sabulu, rana. Ranar da ya fara kawo maganarsa majalisarmu na ce, "Ku bar shi, taimama yake yi wa kujera." Aka yi dariya har mai shayi ya zubar da madara. Sunan ya bi shi. Yau ko a Safana ka ce Abdulmumini, sai an tambaye ka wanne. Ka ce Mai Taimama, za a nuna maka gidan da baburinsa yake.

Abin da ya fi ba ni haushi da shi, yadda yake maganar injinansa kamar mai ba da tarihin matan da ya aura ya saki. Na farkonsu giranda ne, injin da masu walda ke yanka ƙarfe da shi. Ya ɗaura masa buroshi, ya ga yana juyi kamar walƙiya, ya ce ya samu duniya. Aikinsa na farko a gidan wani tsohon hedimasta ne a Safana. Yana ɗora shi a hannun kujera yadin ya narke, ya bar rami faɗin murfin tukunya. An ce sanda tsohon ya ɗauko. Na biyu injin goge mota ne mai waya. Wannan bai ƙona komai ba, sai dai nauyinsa ya kusa cire masa kafaɗa, ga shi sai da wutar lantarki, a garin da wuta ke leƙo mu kamar surukar da aka ɓata wa rai. Ya rabu da shi. Na uku, wanda yake tare da shi har yau, injin huda katako ne mai batir, irin na kafintoci. Wato mutumin nan ya zaga duniya ya dawo, ya ƙare da kayan kafinta yana wa kujera susa.

Na taɓa ganin yadda yake zaɓen injin da idona. Na shiga kasuwa a Katsina sayen kwan fitila, sai ga shi a shagon wani Kamalu mai kayan aiki, ya baje injina biyar a kan teburi. Ya ɗauki na farko ya miƙe hannu da shi, ya tsaya ƙiƙam kamar soja, can ya aje.

"Wanga zuwa azahar ya karya ni," in ji shi.

Ya ɗauki na biyu ya taɓa kunamarsa, injin ya zabura gaba ɗaya. Ya aje shi kamar ya taɓa maciji.

"Yallaɓai, ai shi ya fi ƙarfi," in ji Kamalu. "Kankare yake hudawa."

"Kankare na ce maka zan wanke? Ba ni wanda in na taɓa shi kaɗan zai tafi kaɗan. Kuma batir biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shan sola."

Da aka samo wanda ya yi masa, sai ya ciro buroshi uku daga aljihu, fari da rawaya da ja. Ya ɗaura farin, ya naɗe hannun riga, ya ɗora injin a kan fatar cikin hannunsa, ya kunna. Ya rufe ido yana saurare. Kamalu ya dube ni, na dube shi.

"Ƙaiƙayi ke damunsa," na ce. "Tun muna yara."

Abdulmumini bai ko buɗe ido ba. Ashe tun ranar ramin Safana ya yi wa kansa doka: abin da fatar hannunsa ba za ta ɗauka ba, ba zai hau kujerar mutane ba. Na kai labarin majalisa, muka ci mako guda muna dariya da shi.

To, wannan mutumin na kira ranar Laraba da yamma, da murya irin ta mai neman aron tsani.

Alhamis da hantsi ya iso. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi makaranta, ya tambayi damina, bai bar ko ɗaya ba, ni kuwa ina leƙen titi. Majalisarmu a ƙofar gidana take zama, daga la'asar. In suka ga baburin Mai Taimama a nan, na mutu.

Ya shiga falo, ya ja numfashi sau ɗaya.

"Bokiti nawa, Nasiru?"

"Ɗan kaɗan ne. Ɗaya."

Ya danna tafin hannu a kan kujerar, ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsunsa.

"Uku," in ji shi. "Manjan da ke sama ka kora shi cikin soso, dauɗar da ke cikin katako ka kirawo ta sama. Mi kake koya wa ɗiyan mutane a makarantar nan?"

"Kai dai yi taimamarka."

Ya buɗe jaka ya jera kaya a kan tabarma kamar wanzami. Ya fara da wani ɗan injin zuƙa da ake riƙewa a hannu, ya yi ta bin kujerar yana tsotse ruwana, yana juyewa a bokitina. Abin da ya fito, ko kare ba zai sha ba. Sannan ya kunna ɗan injin hura iska ya saita shi a ƙarƙashinta, ya zauna yana jira. Sai da ta sha iska sosai ya fesa wani magani daga kwalba, feshin da bai kai na turare ba, ya danna farin tawul a kan manjan, ya ɗaga, ya sake ninkewa ya danna. Tawul yana yin ja, kujera tana yin fari. Bayan haka ya ɗaura farin buroshi, ya gwada a hannunsa, ya fara bi a hankali, injin yana gunji ƙasa-ƙasa kamar mage.

Aka kira azahar, muka je muka dawo, yana nan a kan tafin hannu ɗaya na yadi.

"Mumini, sa jan buroshin mana mu gama. Wannan ai shafa ce."

"Jan na tayal ne da shimfiɗar ƙasan mota. Rawaya na kafet."

"Buroshi buroshi ne."

Ya kwance farin, ya ɗaura jan, ya dube ni.

"Miƙo hannunka."

Da yake ba na son a ce na ja da baya, na miƙa. Ya ɗan taɓa kunamar. Ban san lokacin da na tsinci kaina a bakin ƙofa ba, ina hura hannu. Ya mayar da farin, ya ci gaba da aikinsa.

Kafin la'asar manja ya tafi, zobe ya tafi, wari ya tafi. Ya bi da injin zuƙa ya kwashe garin maganin da ya bushe. Na taɓa kujerar, ko sanyi babu. Ruwan da ya kashe ko rabin kwalbarsa bai yi ba.

"Saura huɗun," in ji shi.

"Su ba abin da ya same su."

"Shekara shida ta same su. Ka bari in bi su duka, in ba haka ba..."

Na ji an fara jan benci a waje.

"Mumini, tabo ɗaya na kira ka, tabo ɗaya ka cire. Kada ka mayar mini da falo gonar gado. Bi ta lungu, ka tura babur ɗin, kada ka tayar."

Ya dube ni, ya dubi kujerun, ya naɗe tabarmarsa. Na mayar da mayafi yadda na same shi, har da lanƙwasar gefe.

Barira ta dawo Juma'a bayan an sauko masallaci. Ta aje kaya, ta ba ni gaisuwar mutanen Zakka ɗaya bayan ɗaya, sannan ta shiga falo ta yaye mayafan don ta kakkaɓe, kamar yadda take yi duk ta yi tafiya. Ta tsaya. Doguwar kujera tana haske kamar ranar da aka sauke ta daga mota. 'Yan'uwanta huɗu kuwa, da na rantse farare ne, ashe sun koma ruwan toka.

"Baban Halima."

"Na'am."

"Wa ya yi wa wannan wanka ya bar 'yan'uwanta?"

Na fara da cewa wataƙila hasken taga ne. Ta ja labule. Na ce ko damina ce. Ta zuba mini ido. Daga nan na faɗi komai, har da ɗan wasan da ya jawo. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a ƙasa ta shafa wurin da hannu, ta daɗe tana shafawa.

"Da ta lalace fa?" ta ce. "Wa zai sake sayar da sa?"

Ta karɓi wayata ta nemo lambar Abdulmumini da kanta.

Asabar tun da safe baburin Abdulmumini yake kafe a ƙofar gidana, a tsakiyar fili, har majalisa ta cika ta batse. Ba wanda bai tambaye ni ko na shiga ɗarikar masu taimama ba. Da na gaji na shiga ciki, sai na tarar an gama, kujeru biyar sun zama tagwaye. Ga Abdulmumini zaune a kan doguwar, babu mayafi, da kwanon dambu a cinya. Barira ce ta ce ya zauna nan.

Na raka shi waje. Jama'a sun zuba ido, dole in ce wani abu.

"To, Mai Taimama, ka tona mini asiri, ka ci dambuna, ka hau kujerar da ban isa hawa ba. Duk a kan injin kafinta da rabin kwalbar ruwa. Mutum ya shekara arba'in da biyar, iyakar iliminsa ya san buroshin da ba ya cizo."

Ya gama ɗaure jakarsa, ya gwada igiyar sau biyu, ya hau babur.

"Nasiru, maganarka da wankinka duk ɗaya ne," in ji shi. "Ruwa ya yi yawa, dauɗa tana nan, sai wari daga baya."