Ranar da Aka Wanke Laftof ɗin Yayana

Laftof ɗin ta yayana ce. A cikinta yake tara aikinsa na kammala karatun noma: damina biyu yana auna dawa a gonarmu ta Dayi, tsawon kara, yawan ganye, nauyin zangarniya. Littafin da ya fara rubutawa gara ta cinye shi, don haka komai ya koma cikin kwamfutar.

Ya tafi Kafur taya kawunmu girbi, ya bar ta a ɗakin Inna. Ni kuwa ina shirin jarrabawar shiga jami'a. Wata ƙawata ta ba ni filashi mai tambayoyin gwaji, ta ce ba sa buɗewa sai a tsohon tsarin kwamfuta, amma shi ma yana ciki, a gefe zai zauna, ba zai taɓa kayan kowa ba. Na yarda.

Na sa filashin, na bi yadda ta nuna mini. Da aka zo inda zan zaɓi ma'ajiyar da tsarin zai zauna, sai allon ya fito fari fat. Babu komai. Na kashe, na kunna, ta ƙi komawa yadda take. Na ce shi ke nan, na goge wa Yaya damina biyu.

Washegari na naɗe ta a hijabi na hau mota zuwa Malumfashi wurin wani mai gyaran kwamfuta. Mai gyaran yana zaune da abokansa uku suna cin rake.

"Hajiya ƙarama, ke da kanki kika yi wannan aika-aika?" in ji mai gyaran. Suka kwashe da dariya.

Ya duba, ya ce, "Ba abin da ya ɓata. Tsohon tsarin ne bai san irin wannan ma'ajiyar ba. Sai an nemo masa direba, ɗan abin da zai nuna masa ita."

"Malam, kayan ciki suna nan?"

"Suna nan daram."

Wallahi har hawaye na yi. Ya daɗe yana nema a wayarsa. Na farko bai yi ba, na biyu ma haka. Ɗaya daga cikin abokan ya ce, "Oga, ko dai yarinyar nan ta fi ka ne?" A na uku ma'ajiyar ta bayyana. Sai na ga ya kai hannu ya danna wani wuri, wani gargaɗi ya fito cewa za a goge duk abin da ke cikinta. Na karanta shi sarai, na fahimci abin da yake cewa. Bakina ya buɗe, amma maza huɗu ne, kuma sun riga sun yi mini dariya sau ɗaya. Kafin in haɗa magana ya danna.

"Me ka yi, Malam?"

"Wankewa. Haka muke yi wa kowa. Ai ba ki ce a kwashe miki wani abu ba."

Lokacin da ba a ganin ma'ajiyar, aikin yana nan lafiya. Abin da ke hana ni sakat ke nan har yanzu.

Da Yaya ya dawo na faɗa masa a tsaye, a bakin ƙofa. Na so ya zage ni. Tambaya ɗaya ya yi, ko mai gyaran ya ce za a iya dawo da wani abu. Na ce ya ce an riga an ɗora sabo a kai.

Abokan karatunsa sun gama. Shi kuma ya ware irin dawa a buhu, yana jiran ruwan farko ya sake shuka. Yana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan.